BABI NA UKU: ALLURAR RIGA-KAFIN SANƘARAU GA ƘANANAN YARA A ƘASAR HAUSA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani a kan allurar riga-kafin da ake yi wa ƙananan yara domin kare su daga ciwon sanƙarau, musamman irin wanda ƙwayoyin cuta na bakteriya ke haddasawa. Za a fara da ma'anar cutar da ƙwayoyin da ke kawo ta, sannan a waiwayi yadda ta sha afka wa ƙasar Hausa. Daga nan sai a dubi ire-iren alluran da aka yi amfani da su, da dalilin da ya sa wasu suka kasa kare jarirai, wasu kuwa suka yi nasara. Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, sunan cutar ɗaya ne a bakin Bahaushe, amma ƙwayoyin da ke kawo ta suna da yawa. Saboda haka allura guda da aka yi wa yaro a lokacin gangami ba ta wadatarwa, sai an haɗa da alluran da aka tsara yi masa tun daga haihuwa har ya kusa shekara.

3.1 Ma'anar Sanƙarau da Alamominsa

Kalmar sanƙarau ta samo asali ne daga aikatau "sanƙare", wato abu ya ƙage ya ƙi lanƙwasuwa. Bahaushe ya raɗa wa cutar wannan suna ne saboda alamar da ya fi gani da idonsa, wato sanƙarewar wuyan majiyyaci. A wajen likitoci kuwa, sanƙarau shi ne kumburin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar ƙashin baya, sakamakon shigar ƙwayar cuta cikin ruwan da ke kewaye da su.

Ga babban yaro ko baligi, cutar kan fara da zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, da matsanancin ciwon kai, da amai, da ƙin kallon haske, sannan wuya ya sanƙare, hankali ya gushe. Ga jariri kuwa alamomin sukan ɓuya, domin sau da yawa wuyansa ba ya sanƙarewa. Abin da uwa za ta gani shi ne ƙin kama nono, da kuka mai tsini marar lallashi, da yawan barci, da kumburin maɗiga, da jijjiga. Wannan ne ya sa akan ɗauki ciwon a matsayin zazzaɓin cizon sauro ko taɓin iska, har a makara wajen zuwa asibiti, alhali cutar tana iya kisa cikin kwana guda. Bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin mutum shida da suka kamu da sanƙarau na bakteriya ɗaya yakan rasu, cikin biyar kuma ɗaya yakan tashi da nakasa mai ɗorewa, kamar kurumta, ko farfaɗiya, ko shanyewar wata gaɓa, ko raunin fahimta.

3.2 Ƙwayoyin da ke Haddasa Cutar

Akwai manyan ƙwayoyin bakteriya guda huɗu da suka fi kawo sanƙarau, kamar haka:

(i) Meningokokas: Ita ce mai haddasa annoba. Tana da rukunai 12, amma shida ne suka fi ɓarna, waɗanda ake yi wa laƙabi da haruffan A, B, C, W, X da Y. Tana zaune ne a maƙogwaron mutane masu yawa ba tare da ta sa su ciwo ba, tana kuma yaɗuwa ta tari da atishawa da kusantar juna. Daga kamuwa zuwa bayyanar alamomi akan ɗauki kwana 2 zuwa 10.

(ii) Numokokas: Ita ce kuma mai kawo ciwon haƙarƙari da ciwon kunne. Tana da ire-ire sama da 90, kuma sanƙaraunta ya fi na meningokokas kisa da nakasarwa. Yara masu amosanin jini, wato sikila, suna cikin waɗanda ta fi yi wa illa.

(iii) Hib: Wannan ta fi kama yara 'yan ƙasa da shekara biyar, musamman a shekararsu ta farko.

(iv) Sitireptokokas rukunin B: Jariri kan ɗauke ta daga mahaifiyarsa a wajen haihuwa, ta kwantar da shi a makwannin farko na rayuwarsa.

Baya ga waɗannan, ƙwayar tarin fuka ma tana iya hawa ƙwaƙwalwar yaro ta jawo sanƙarau. Abin lura a nan shi ne, garkuwar da jiki ya samu a kan ƙwaya ɗaya ba ta aiki a kan wata, hatta tsakanin rukunan meningokokas su kansu. Wanda aka kare daga rukunin A yana iya kamuwa da rukunin C.

3.3 Sanƙarau a Ƙasar Hausa

Ƙasar Hausa tana tsakiyar yankin da ake kira zirin sanƙarau na Afirka, wanda ya tashi daga Senegal a yamma ya dangana da Habasha a gabas, ya ratsa ƙasashe 26. Wani likitan sojan Faransa mai suna Léon Lapeyssonnie ne ya fayyace iyakokin wannan ziri a shekarar 1963. A nan cutar tana bin yanayin shekara. Takan fara da hunturu, ta yi ƙamari a bazara tsakanin watan Maris da Afrilu, sannan ta lafa da zarar ruwan damina ya sauka. Busasshiyar iska da ƙura suna raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, ta yadda ƙwayar da ke kwance za ta sami hanyar shiga jini. Cunkoson kwana a ɗaki marar taga yana ƙara saurin yaɗuwarta.

Tun a shekarar 1905 aka rubuta labarin babbar annobar sanƙarau a Arewacin Nijeriya, kuma daga lokacin ta riƙa dawowa bayan 'yan shekaru. A shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, cikinsu har da Brian Greenwood, sun yi nazari mai zurfi a kan cutar, musamman annobar da ta afka wa Zariya a 1977. Mafi muni ita ce ta shekarar 1996, wadda rukunin A ya haddasa. A Nijeriya kaɗai an ƙirga mutum 109,580 da suka kamu, 11,717 daga cikinsu suka rasu. A faɗin zirin kuwa, tsakanin 1996 da 1997, sama da mutum 250,000 ne suka kamu, kimanin 25,000 suka riga mu gidan gaskiya. Yara da matasa ne suka fi yawa a cikinsu.

3.4 Tsohuwar Allura da Gazawarta

Ƙwayar meningokokas tana sanye da wani ɓawo na sinadarin sukari, kuma bambancin wannan ɓawo ne ya raba ta rukuni-rukuni. A ƙarshen shekarun 1960 masana a Amurka suka tace wannan sukari suka yi allura da shi, domin jiki ya san kamanninsa ya tanadi garkuwa. Wannan allura ita aka dogara da ita a Afirka har kusan shekara 40.

Duk da rayukan da ta ceta, tana da naƙasu guda uku. Na farko, garkuwar jikin yaro ɗan ƙasa da shekara biyu ba ta amsa wa sukari zalla yadda ya kamata, ke nan waɗanda suka fi rauni su ne allurar ta fi kasa karewa. Na biyu, kariyarta ba ta wuce kimanin shekara uku, kuma jiki ba ya riƙe tunanin ƙwayar. Na uku, ba ta hana mutum ɗaukar ƙwayar a maƙogwaronsa ya shafa wa wani.

Saboda waɗannan dalilai ba a sa ta cikin alluran jarirai na yau da kullum ba, sai dai a jira annoba ta ɓarke sannan a fita gangami. Kafin a tabbatar da rukunin ƙwayar, a nemi allura daga waje, a kai ta ƙauyuka, sau da yawa cutar ta riga ta yi ɓarnarta, aikin ya zama ihu bayan hari. Ƙarancin allurar da aka fuskanta a 1996 ne ya sa a shekarar 1997 aka kafa wani kwamitin ƙasa da ƙasa mai ajiye ta domin rabawa cikin gaggawa. Hakan ya rage jinkiri, amma bai hana annobar dawowa ba. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

3.5 Sabuwar Allura: MenAfriVac

Dabarar da ta warware matsalar ita ce ɗaure sukarin ɓawon ƙwayar a jikin wani sinadarin furotin. Idan aka yi haka, garkuwar jariri takan gane shi, ta kuma riƙe tunaninsa na tsawon shekaru. Bugu da ƙari, irin wannan allura tana rage zaman ƙwayar a maƙogwaro, don haka tana kare wanda aka yi wa, ta kuma kare na kusa da shi da ba a yi wa ba. An fara cin moriyar wannan dabara a ƙasashen Turai da Amurka, sai dai tsadarta ta fi ƙarfin ƙasashen zirin, kuma ba a mai da hankali ga rukunin A da ya addabi Afirka ba.

A shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka kafa shiri na musamman domin samar da allurar rukunin A, da tallafin dala miliyan 70 daga Gidauniyar Bill da Melinda Gates. Kamfanin Serum Institute na ƙasar Indiya ya ɗauki nauyin sarrafa ta a kan kuɗin da bai kai rabin dala ba kowane mutum ɗaya. An sa mata suna MenAfriVac, aka ƙaddamar da ita a Burkina Faso a watan Disamba na 2010, tare da Mali da Nijar. Nijeriya ta fara nata gangamin a Disambar 2011, aka bi jihohin da ke cikin haɗari kashi-kashi har zuwa 2014, ana yi wa duk wanda ke tsakanin shekara 1 da 29. Wata fa'idarta ita ce juriyar zafi, domin a 2012 an nuna a Jamhuriyar Benin cewa tana iya kwana huɗu a wajen firji, muddin zafi bai wuce maki 40 a ma'aunin Salsiyas ba.

Sakamakon ya fito fili. A ƙasar Chadi, yankunan da aka yi wa allurar a 2011 sun sami raguwar sanƙarau da kashi 94 cikin ɗari idan aka kwatanta da inda ba a yi ba. Rukunin A, wanda a da shi ne ke haddasa mafi yawan annoba, ya yi ta ja da baya har aka daina tabbatar da shi a zirin bayan shekarar 2017.

Sai dai gangami yana kare waɗanda ke raye ne a ranar da aka yi shi. A Nijeriya ana haifar jarirai sama da miliyan bakwai a kowace shekara, kuma duk wanda aka haifa bayan gangami ba shi da kariya. In aka bari suka taru, cikin 'yan shekaru ƙwayar za ta sami inda za ta sake yaɗuwa. Wannan ne ya sa aka samar da ma'aunin da ya dace da jarirai, aka fara sa allurar cikin jadawalin yau da kullum. Sudan da Ghana suka fara a 2016, Nijar ta bi a 2017, Nijeriya kuma a watan Agusta na 2019, inda aka tsara yi wa yaro yana da wata tara.

3.6 Ɓullar Wasu Rukunai da Allurar Men5CV

Kawar da rukunin A bai kawo ƙarshen sanƙarau ba. Tun kafin lokacin, rukunin W ya ɓarke a cikin alhazai a shekarar 2000, ya kuma haddasa babbar annoba a Burkina Faso a 2002, rukunin X kuma ya addabi Nijar a 2006. A 2013 wani sabon nau'i na rukunin C ya ɓulla a yankin Sakkwato. A 2015 ya afka wa Nijar, musamman birnin Yamai, inda aka sami kimanin mutum 8,500 da ake zaton sun kamu, sama da 500 suka rasu. Daga Disambar 2016 zuwa tsakiyar 2017 ya sake ɓarkewa, ya faro daga Zamfara ya bazu zuwa Sakkwato da Katsina da Kebbi da wasu jihohi, aka ƙirga mutum 14,518, aka rasa 1,166.

Wannan annoba ta fito da matsalar da aka ambata a gabatarwa. Da yawa daga cikin yankunan da ta shafa an riga an yi musu MenAfriVac, don haka iyayen da aka gaya wa cewa an yi wa 'ya'yansu "allurar sanƙarau" suna da hujjar tambayar yadda aka yi cutar ta dawo. Amsar ita ce, allurar ta yi aikinta a kan rukunin A, ƙwayar da ta zo daga baya kuwa wata ce daban, ko da yake sunan cutar da alamominta duk ɗaya ne.

Domin toshe wannan kafa, Serum Institute da PATH suka samar da allura mai haɗe da rukunai biyar, wato A, C, W, X da Y, wadda ake kira Men5CV. An gwada ta a Mali da Gambiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ingancinta a watan Yuli na 2023, ta kuma shawarci ƙasashen zirin su sa ta cikin jadawalin yara, a yi sau ɗaya tsakanin wata 9 da wata 18. Nijeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta yi amfani da ita, a watan Maris na 2024, a jihohin Jigawa da Bauchi da Yobe, bayan ɓarkewar da ta kashe mutum 153 a jihohi bakwai. Nijar ta bi sahu a cikin shekarar.

3.7 Matsayin Alluran a Jadawalin Yara

Idan aka dubi katin riga-kafin yaro, za a ga cewa kariya daga sanƙarau ta rarrabu ne a wurare da dama, ko da yake ba kowace allura ce ke ɗauke da sunan cutar ba:

(i) Ranar haihuwa: Allurar BCG, mai barin tabo a dantse, tana kare yaro daga sanƙaraun tarin fuka.

(ii) Mako 6, da 10, da 14: Allurar Penta mai haɗe da kariya daga cututtuka biyar, wato mashaƙo, da tarin shiƙa, da tetanus, da ciwon hanta nau'in B, da Hib. Nijar ta fara ta a 2008, Nijeriya a 2012.

(iii) A waɗannan makwanni dai: Allurar numokokas, wadda Nijar ta fara a 2014, Nijeriya kuma a Disambar wannan shekara a wasu jihohi, kafin ta game ƙasar.

(iv) Wata 9: Allurar meningokokas, wadda ake yi tare da ta ƙyanda da ta shawara.

Ke nan yaron da aka kai sau ɗaya ko sau biyu aka daina bai sami cikakkiyar kariya ba, haka ma wanda aka yi wa ta gangami kaɗai. Illolin da alluran kan jawo ba su da yawa, galibi ɗan kumburi a inda aka soka, da ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu. Ya kamata kuma a sani cewa babu allurar da ta game dukkan ƙwayoyin, don haka duk yaron da ya nuna alamomin da aka lissafa a gaggauta kai shi asibiti ko da katinsa ya cika, domin magungunan kashe bakteriya irin su seftiriyazon suna warkar da cutar in an fara da wuri.

3.8 Matsalolin da ke Hana Yara Samun Allurar

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 31 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan wata 12 zuwa 23 suka sami dukkan muhimman alluransu, kuma jihar Sakkwato ce ta zo ƙarshe da kashi 5. Wato inda cutar ta fi ƙamari nan ne allurar ta fi ƙaranci. Daga cikin dalilan akwai nisan asibiti, da haihuwa a gida, da rashin wutar da za ta riƙe firji, da ƙarancin ma'aikata, da rashin tsaro a wasu ƙauyuka. Haka kuma a gidaje da yawa uwa ba ta fita sai da izinin maigida, saboda haka faɗakarwar da ta tsaya ga mata kaɗai ba ta cika kai wa ga buƙata.

Akwai kuma matsalar rashin yarda, wadda ke da tarihi. A lokacin annobar 1996 kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a kan yara a Asibitin Zana da ke Kano. Yara kimanin 200 ne suka shiga gwajin, 11 suka rasu, biyar daga waɗanda aka ba Trovan, shida daga waɗanda aka ba ɗaya maganin. Iyaye da gwamnati sun zargi kamfanin da rashin neman izini yadda ya kamata, shi kuwa ya musanta, ya ce cutar ce ta yi kisan. A 2009 aka yi sulhu da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Trovan maganin warkarwa ne, ba allurar riga-kafi ba, amma a zukatan jama'a abubuwan biyu sun cakuɗe, kuma an riƙa kafa hujja da shi lokacin da wasu jihohin Arewa suka dakatar da riga-kafin shan-inna a 2003. Abin da ya taimaka wajen dawo da yarda shi ne shigar sarakuna da malamai, musamman kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya da aka kafa a 2009 a ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar. Ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni, da limamai da unguwarzoma da wanzamai, ana iya sanin duk gidan da aka yi haihuwa, a kuma bibiyi jaririn har ya kammala alluransa.

3.9 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa sanƙarau ciwo ne da ƙwayoyi daban-daban ke kawowa, kuma ƙasar Hausa ta fi shekara ɗari tana fama da annobarsa. An ga yadda tsohuwar allura ta kasa kare jarirai, da yadda MenAfriVac ta kawar da rukunin A, da yadda ɓullar rukunin C ta tilasta samar da Men5CV. A shekarar 2020 Babban Taron Lafiya na Duniya ya amince da ƙudurin kawar da annobar sanƙarau kafin 2030, tare da rage masu kamuwa da ire-iren da ke da riga-kafi da kashi 50, da rage mace-mace da kashi 70 cikin ɗari. Cimma wannan buri a ƙasar Hausa ya rataya ne a kan abu biyu: a kai kowane jariri asibiti a mako na 6, da na 10, da na 14, da kuma wata na 9, sannan a bayyana wa iyaye da harshen da suke ji cewa kowace allura tana da ƙwayar da take karewa. In sun fahimci haka, dawowar cutar da wani sabon rukuni ba za ta sa su yanke ƙauna daga riga-kafi ba.